Kuɗin Gas ɗin Kompadre Nerio

Houston, 3 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Zuleima,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Mama? Yaya zafin Maracaibo da ɗauke wutarku? Ni da 'yarki Keila muna lafiya lau, sai kewarku. Na san za ki yi dariya ki ce Yaya da tsohon yayi, ga waya amma sai takarda. To in na kira, Mama na gefe tana kasa kunne, shi ya sa nake rubutawa in ɗauki hoton in turo miki.

Maganar likitan nan ta hana ni sukuni. Idon Mama na dama ya riga ya tafi, yanzu kuma wai in ba a yi wa na hagu aiki kafin Kirsimeti ba, shi ma zai bi. Dala ɗari tara! Abin da na ɓoye a gwangwanin kofi ɗari huɗu ne da 'yan kai. Na roƙi ƙarin aiki a ɗakin wankin otal, sun ba ni Lahadi.

Abin da ke ci min rai shi ne kuɗin gas. Kin san duk Juma'a nakan kai wa Kompadre Nerio dala ɗari da ashirin, ya mayar da su dalar waya, wadda ba ta hawa ba ta sauka, ya tura wa ɗan canjinku ya kawo miki ɗari. Ashirin ɗin ta gas ce. Jiya ya ce daga wannan makon ashirin da biyar ne. Na ce, "Haba Kompadre, a tanka ake ɗaukar kuɗin nan?" Sai ya nuna min allon gidan man da ke tsallaken titi ya ce, "Komadre, ke da Babanki ya tsufa a rijiyar mai, ni zan koya miki? Injinan da ke tura kuɗin da me suke aiki? In mai ya tashi, gas ya tashi." Na yarda, don gaskiya galan ya ƙara kuɗi.

Ba na ganin laifinsa. Shi ya riƙe Keila a coci ranar baftisma, abin da ya sa muke kiran juna kompadre da komadre ke nan, shi ya ba ni katifa lokacin da na sauka garin nan da jaka ɗaya. Ke ma kin sha ce min in daina damunsa da ƙorafi, kuma kin yi gaskiya. Har mandoka na soya na kai masa don kada ya riƙe ni a rai.

Maganar da kika sake yi ta son fitowa ƙasar waje, na ji. Na san shekara shida ke kaɗai ke ɗawainiya da Mama, kin gaji. Ki ƙara haƙuri mu gama da idon nan tukuna.

Ki sumbaci goshin Mama a madadina.

Yayarki mai ƙaunarki,
Marbelis

Houston, 18 ga Satumba

Ƙanwata Zule,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama, da fatan tana saka maganin idonta a kan lokaci. Ki yi haƙuri da rubutun nan, cikin baƙin ciki nake yin sa.

Zule, ashe shekara biyu saniyar tatsa Nerio ya mayar da ni!

Akwai wata dattijuwa 'yar Haiti da muke ninke zannuwan gado tare, Madam Odette. Ranar Talata ina mita a gabanta na ce Allah ya sa mai ya sauka ko kuɗin gas ya ragu. Ta ajiye zanin hannunta ta ce, "Wane mai?" Da na yi mata bayanin Nerio, matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yar nan, da bakinki kike faɗin wannan? Gas ɗin suna ne kawai! Ladan masu tabbatar da saƙo ne, ba ruwansa da gidan mai." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce in nuna mata rasit ɗin da yake turo min. Akwai wata doguwar lamba a ƙasa da ban taɓa kula da ita ba. Ta kwafe ta ta saka a wani shafin intanet, sai ga saƙona na Juma'ar da ta wuce a rubuce, da ranarsa da abin da aka biya. Kin san nawa ne gas ɗin? Ko dala ɗaya bai kai ba. Ni kuma ashirin da biyar na ba shi, har da godiya.

A lokacin cin abinci ta zaunar da ni ta koya min. Dalar ɗaya ce, amma hanyoyin da take bi daban-daban ne. Akwai tsohuwar hanya mai cunkoso, ita ce wani lokaci takan yi tsada, akwai kuma masu araha, kuma mai arahar Nerio ke bi tun farko. Gas ɗin ba ya duba yawan kuɗi, dala goma da dala dubu kusan duk ɗaya ne, saboda haka gara in tara in tura sau ɗaya a wata. Ta kuma ja min kunne cewa dole mai turawa da mai karɓa su kasance kan hanya ɗaya, in aka saɓa kuɗi na iya salwanta. A fara gwadawa da dala biyar, in sun isa sai a tura sauran.

Da aka tashi aiki ban je gida ba, garejin Nerio na wuce. Na same shi yana cin arepa ta masara a kan bonet ɗin mota. Na ce, "Kompadre, yau nawa galan?" Ya fara murmushi, sai na nuna masa wayar. Nan take ya hau borin kunya, wai wahalarsa fa, wai lokacinsa fa. Na ce, "Da ka ce ladanka ne, da na ba ka da hannu biyu. Amma ka nuna min gidan mai? Ka sa sunan Babana a cikin ƙaryarka?" Ya goge hannu ya ce, "Komadre, ki bar maganar nan a nan, ba za ki so ƙarshenta ba." Ji barazana! Na ce daga yau kada ya ƙara kirana komadre.

Na yi kuka, ba don kuɗin kaɗai ba. Da abin da ya ci, da tuni an yi wa Mama aiki tun kafin hagun ya fara dushewa.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki buɗe jakar dalar waya taki ta kanki a hanyar da na rubuta a ƙasan takardar nan, ki turo min adireshinta. Daga ni sai ke, babu wani a tsakani.

Taki har kullum,
Yaya Marbelis

Houston, 24 ga Satumba

Zuleima,

Ina fatan Mama ta tashi lafiya. Ke ma ina fatan kina lafiya.

Na ga adireshin da kika turo, da saƙonki cewa jiya kika buɗe jakar, wai har kin sha wahala kafin ki gane kanta. Na kai wa Madam Odette don ta tabbatar min hanya ɗaya muke kafin in tura dala biyar ɗin gwaji. Ta saka adireshin a shafin nan. Sai na ga ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Wannan jakar ta waye?" Na ce ta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta miƙo min wayar ta koma kan zannuwanta.

Abin da ban faɗa miki ba, don ni ma ban sani ba sai ranar, shi ne ba rasit kaɗai ake gani ba. Shafin nan littafi ne da ake rubuta duk kuɗin da aka tura, a buɗe yake ga kowa, kuma ba a goge shi. Duk abin da ya taɓa shiga jaka yana nan.

Jakarki shekararta biyu, Zule. Duk Juma'a, minti kaɗan bayan Nerio ya tura ɗarin Mama, sai rabin gas ɗin ya faɗo cikinta daga jakarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsana, ina fatan in ga inda na yi kuskure. Har Juma'ar da na yi zazzaɓi na je aiki a haka, tana nan. Har ta makon da kika kira ni kina kuka kan maganar likita, tana nan.

Kuma ba ki taɓa ko sisi ba. Dala ɗari tara da arba'in suna zaune. Kuɗin idon Mama cif, har da canji, suna cikin wayar da kike riƙe da ita lokacin da kike ce min, "Yaya, ya za mu yi?"

Na san na mene ne. Na fasfo ne da hanya. Ban ce ba ki gaji ba, ban ce ba ki da hakkin ki so fita ba, ni ma ai fita na yi na bar ki da ita. Da kin buɗe baki kin ce, "Yaya, ki ware min goma duk mako," da na yi mita, amma da na ba ki. Sai kika zaɓi ki haɗa baki da bare ku mayar da ni sakarya, kina ce min in daina damunsa da ƙorafi. Na Nerio ya yi min zafi kwana biyu. Naki ban san ranar da zai bar ni ba.

Ban faɗa wa Mama ba, kuma ba zan faɗa ba. Shekaranjiya a waya ta ce min, "Ki daina damuwa, Zule ce idona." Na ce haka ne, Mama.

Na yi magana da asibitin, suna karɓar dalar waya, ga adireshinsu a ƙasa, hanya ɗaya kuke. Ki tura musu ɗari tara daga jakarki. Gas ɗin bai kai kuɗin arepa ɗaya ba, kuma kin fi ni sanin haka. Ranar aikin ki riƙe ta ta ɓangaren dama a matakala, ta nan take tuntuɓe.

Kada ki kira ni ki yi min bayani, kada ki turo min rasit. Ranar Litinin zan buɗe littafin da kaina in duba. Ban taɓa zaton a can zan riƙa neman gaskiyar ƙanwata ba.

Ki gaida Mama.

Marbelis