Maganin haɗiya ne, likita ya ce in matsa

Anti Theresa, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan tambaya. Mijina Ishaya soja ne, mun daɗe da aure ba haihuwa. Al'adata ta ɗauke, ga ruwan nono yana zubo min kamar mai shayarwa, har ya taɓa jiƙa min riga a taron zumuntar mata a coci. Likita ya gwada jinina, ya ce sinadarin da ke kawo nono, prolaktin, shi ya yi yawa ya hana ni ciki. Ya ba ni ƙwayar bromokriptin. Duk ran da na sha, sai amai da jiri, ko tuwo ba ya zama. Da na koma, ya ce in daina haɗiya, in riƙa matsa ta ta gaba. Yayar mijina Gladys ta ce ita maganin sanyi kaɗai ta san ana matsawa, wannan likitan gwaji yake da ni. Ban sha ba, ban matsa ba, ga Ishaya zai zo hutu. Kunya ta hana ni komawa.

Mai jiran rabo, daga Rikoto

Ƙanwata, Gladys ba ta yi laifi ba da ta yi shakka, amma likitanki bai ɓata ba. Idan kin haɗiyi ƙwayar, daga hanji sai ta wuce zuwa hanta, hanta ta lalata mafi yawanta, ragowar ta shiga jini da sauri, ga ciki ya tashi. Idan kin matsa, fatar wurin ce ke tsotse ta sannu a hankali zuwa jini, ba ta fara bi ta hanta ba. Shi ya sa takan daɗe tana aiki, mata da yawa kuma amai kan ragu musu. Wasu kan ji ɗan ƙaiƙayi. Ba kowace ƙwaya ake yi wa haka ba, kada ki gwada da wata.

Ajiye maganin shi ne babbar asara. Koma asibiti, ki ce kina son ganin nas mace ta nuna miki. Ki wanke hannu, ki sa ta lokacin kwanciya barci, adadin da aka rubuta kawai. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, garzaya wurin likita. In kin ga alamar ciki ma, sanar da shi. Ki faɗa wa Ishaya komai da bakinki. Allah ya ba ki lafiya, ya kawo rabo mai albarka.

Anti Theresa