Jan Zaren da Kika Tsince

Dela,

Na tafi Roni gaisuwar rasuwa, sai bayan la'asar in Allah ya so. Kin ci sa'a ban same ki a gida ba.

Wa ya aike ki? Jiya tun azahar nake durƙushe a tsakar ɗaki kan bargon nan. Na shimfiɗa atamfar ƙasa, na baje auduga, na ɗora ta sama, na bi su da allura har gwiwoyina suka yi tsami. Manyan ɗinkin nan na jan zare ba kuskure ba ne, su ke riƙe audugar kada ta zame a bakin keken ɗinki. Da gangan na sa ja, don in gan shi in zare idan na gama. Ke kuwa kika zauna kika tsince shi tas, har kina ce wa Inna wai Yaya ta fara makancewa, bari ki gyara mata. Sannu, gwana!

Da safe na ɗaga bargon, auduga duk ta dunƙule gefe guda kamar tsohon matashi. Jibi ne sunan jaririn Khadijat a Babura, kuma na riga na ce mata da bargon zan zo.

Ki share ɗaki, ki sake shimfiɗawa, ki ja ya miƙe. Ki fara ɗinkin daga tsakiya zuwa gefe, tazarar yatsu huɗu. Kada ki kuskura ki taɓa mini keke.

Allura da jan zaren suna kan taga. Tunda idonki ya fi nawa gani, ban zura miki ba.

Yayarki,
Sa'adiyya