Kwamfutar da Ba Za Ta Buɗe Zanen Ƙanina Ba

Malama mai wannan fili, ina neman taimakonki, kuma zan fara da bayanin yadda al'amarin yake. Ni ne babba a shagon sassaƙa ƙofofi da mahaifinmu ya bar mana, ni da ƙanina. Lokacin da muka kawo injin sassaƙa, manhajar da ke sarrafa shi ba ta aiki sai a nau'in kwamfuta guda, saboda haka ita muka saya. Ƙanina ya tare a ɗakin baya, cikin garin katako, har ya ƙware. Tun daga nan masu sayen ƙofa suke wuce ni a kujerata, suna tambayar mai zane.

Yanzu ɗana ya kammala karatu, manhajar da ya koya kuwa wani nau'in kwamfuta daban take bi. Na yanke hukuncin a sauya kwamfutar shagon. Na san zane-zanen da ƙanina ya yi shekaru yana tarawa ba za su buɗe a sabuwar ba, domin sai da na bincika kafin in yanke. Da na sanar da shi a gaban ma'aikata, ya ce idonsa ya yi rauni, ba zai iya sabon koyo ba. Na amsa masa cewa shagon yana buƙatar mai shara, kuma tsintsiya ba ta neman manhaja. Aka yi dariya. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga. Matarsa ta daina gaishe ni, mai ɗakina ma ta ɗauke mini wuta. Ta yaya zan dawo da su kan hanya?

Daga Babban Wa

Babban Wa, son ɗanka ya samu gurbi ba laifi ba ne, kuma a riƙa tsallake babba a gidansa abu ne mai ciwo. Sai dai kowa yana sayen kwamfuta ne saboda aikin da manhajarta za ta yi masa, kamar yadda kuka yi da farko. Kai ne mutum na farko da na ji ya zaɓi kwamfuta saboda abin da ba za ta iya buɗewa ba. Iyalinka ba su bar hanya ba. Sun gane ka ne kawai.

Ka tuna zane ake zuwa saye. Ranar da ƙaninka ya ɗauki tsohuwar kwamfutar ya koma wani shago, masu saye za su bi shi, ɗanka ya gaji inji da ba kowa a gabansa.

Ka bar tsohuwar a kan injin, ka sayi sabuwa guda ɗaya, yaron ya zauna kusa da baffansa ya koyi katako tukuna. Ina roƙon matan gidan da ma'aikata su ba da haɗin kai a yi sulhu, Allah ya daidaita tsakaninku. Amma haƙurin da ya wajaba ka ba ƙaninka, a gaban waɗanda suka yi dariya za ka ba shi, da bakinka, kana tsaye.