Gudun Sani zuwa makaranta

Laraba da dare, cikin bazara

Barci ya ƙi zuwa, zancen ɗana Sani ke ta yi mini yawo a kai. Tun da na sa shi makaranta malaminsu ke aiko mini da ƙara. Wai ba ya iya zama wuri ɗaya, ana tsakiyar karatu sai ya miƙe ya leƙa taga, ya taɓa wannan, ya ja rigar wancan. Bulala ba ta yi ba, rubutun da uwarsa ta karɓo ma bai yi ba.

Makon nan mai ya yi wuya, sojoji ne ke tsare layin gidan mai, sai na jingine babur muka riƙa takawa daga Gawon Nama. Ni ina tafiya, shi kuwa gudu yake, ya kai kwana ya dawo wurina, ya sake sheƙawa. Kafin mu isa ya jiƙe sharkaf da zufa.

Yau da na je ɗauko shi, malamin ya tare ni a bakin ƙofa.

"Alhaji, wane magani kab ba yaron ga? Shina zamne har aka tashi, lissahi nai ma ya gama."

Na ce ban ba shi komai ba.

To, gudun ne, ko dace kawai aka yi? Ban sani ba.

Ɗazu maƙwabcina ya samo mini galan ɗin mai, na gode masa na ajiye. Gwiwoyina ciwo suke, kuma a ofis za a ce na sayar da babur. Su ce. Gobe ma da ƙafa za mu, in Allah ya so.