Ruwan Firiza da Ƙugun Yayata

Daga: Ƙanen majinyaciya, direban motar ma'aikata,
Gida mai jan ƙyaure, bayan tashar mota.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Ƙorafe-ƙorafe,
Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Game da: Raunin da yayata ta ji a babban kantin kayan masarufi mai hawa biyu da ke daura da tashar mota, da cin mutuncin da ya biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin yayata, wadda muke ciki ɗaya, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Maɗinkiya ce, a unguwa Anti Tela ake kiranta. Mijinta ya rasu, da keken ɗinki na takawa take ci da 'ya'yanta uku. Yau ba ta iya juyawa a kan gado sai an juya ta.

1. Ranar Asabar, 3 ga Agusta, da hantsi, ta shiga kantin sayen sabulu da madara. A layin kayan sanyi akwai firiza mai yoyo. Maƙwabtanmu biyu a shirye suke su ba da shaida cewa tun farkon makon suke ganin ruwan kwance a kan tayil, an shimfiɗa masa kwali. Babu alamar gargaɗi, ba a kuma killace wurin ba. Yaya ta taka kwalin, ya tafi da ita, ta faɗi a kan ƙugunta na dama.

2. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo sayayya ta durƙusa a kanta, ta ce kada wanda ya motsa ta sai motar asibiti ta zo. Manajan kantin ya gaya mata cewa nan ba asibiti ba ne, kuma ranar Asabar ba ranar tare wa mutane hanya ba ce. Ya sa masu gadi biyu suka kinkimi Yaya, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa, suka ɗora ta a keken tura kaya, suka kai ta sito, suka ajiye tsakanin buhunan shinkafa. Ihun da ta yi, masu karɓar kuɗi ma sun ji. Kafin a ba ta wayarta ta kira ni, sai da manajan ya sa aka zazzage jakarta a ƙasa, wai ya saba ganin masu faɗuwar ƙarya don su yi sata. An samu tef ɗin awo, alli, da maganin hawan jini.

3. Kantin bai kira motar asibiti ba. Ni na baro aiki na ɗauke ta. Hoton ƙashi ya nuna karaya a ƙugu, likita kuma ya rubuta cewa ɗaukar da aka yi mata ce ta gocar da ƙashin har sai da aka yi tiyata aka sa ƙarfe. Ya ce ko ta tashi, ta manta da taka keke. Na haɗo kwafin rahotonsa.

4. Ranar Litinin, 5 ga Agusta, na je kantin cikin ladabi na nemi a ba ni bidiyon kyamarar tsaro. Manajan bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce kyamarar wannan layin ta lalace. Ranka ya daɗe, kwana uku bayan haka bidiyon kyamarar da ta lalace ya iso wayoyin mutanen unguwarmu. An ɗauke shi daga talabijin ɗin ofishin kantin, ana jin dariyar ma'aikata a ciki. An sa masa kiɗa, an maimaita faɗuwar, ƙafafunta a sama, zanenta a buɗe. Matar da ta ɗinka wa rabin matan layinmu kayan aure ta zama abin nishaɗi a teburin mai shayi. 'Yarta ta fari ta daina zuwa makaranta, saboda da ta shiga aji sai wasu su zube ƙasa suna kwaikwayon uwarta.

5. Wannan sakin layi da nauyi nake rubuta shi. Saboda tsananin azaba, fitsari ya kufce wa Yaya a inda ta faɗi. Ranar Laraba, 21 ga Agusta, lauyan kantin ya aiko da amsar takardar ƙorafin da na rubuta musu. A ciki ya ce binciken kantin ya nuna babu wani ruwa a wurin kafin zuwanta, kuma jiƙewar da aka gani daga jikinta ta fito, a kanta ta zame. Ya ƙara da cewa kantin, don tausayi, ba zai nemi kuɗin tsaftace wurin ba. Ba na gida aka kawo takardar, hannun Yaya aka miƙa ta, kuma ta iya karatu. Tun daga ranar ta juya fuskarta bango, ta ce kada a ƙara shigo mata da 'yan dubiya.

A iya sanina, duk wanda ya buɗe ƙofa ya kira jama'a su shigo su sayi kayansa, wajibi ne a kansa ya tsare lafiyarsu a ciki, ya kawar da haɗarin da ya sani ko ya yi gargaɗi a kansa, ya nemo wa wanda ya ji rauni taimako, ya kuma adana shaida. Ko ɗaya kantin bai yi ba.

Don haka ina roƙon wannan Hukuma mai daraja da ta karɓi cikakken bidiyon tun daga safiyar ranar, ba guntun da ake dariya da shi ba. Ta tilasta wa kantin ɗaukar nauyin jinya da diyyar sana'ar da ya kashe. Ta sa a janye ƙazafin lauyan a rubuce. Ta kuma hukunta manajan da waɗanda suka yaɗa bidiyon. Ba na neman a kawo mana manajan ya ba da haƙuri. Ina so a tsayar da shi a gaban jama'a, a karanta masa abin da ya aikata da babbar murya, ya ji yadda idon mutane yake.

Yaya ba ta san na rubuto ba. Ta ce a bar wa Allah. Ita ta bari, Ranka ya daɗe, ni ban bari ba.

Allah ya ƙara girma. Ina jiran matakinku cikin biyayya.

Naka mai ƙanƙan da kai,
Ƙanen Anti Tela.