Dawar da Ka Ɗauka Ba ta Inna Ba Ce

Assalamu alaikum, ya Malam, sanyin idona, inuwar ɗorawar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, mijina kuma abokin tsufana. Ka san ni ba mai irin wannan magana ba ce, har ina jin kunyar takardar da ta ɗauke ta. Amma abu mai ɗaci zan faɗa maka, shi ya sa na fara da abin da ya fi komai tabbata a zuciyata.

Na yaudare ka. Dawar da ka tsinko daga rufin madafa ka tafi da ita Funtua ba ta Inna ba ce. Ranar da ka dawo kana ba ni labarin shirin da kuka tsara wa ɗalibai a dogon hutu, cewa za ku kai su wurin gurzar auduga, da ɗakin gwajin jini, da madatsar ruwa ta Mairuwa, sannan masu binciken iri su zo daga Zariya su koya musu gwada tsiro, na ga idonka ya ɗaga ya tsaya kan damin irin mahaifiyata. Washegari da ka fita, na sauke shi na ɓoye a ƙasan akwati. Na karɓo tsohuwar dawa daga gindin rumbun maƙwabciyarmu, wadda ƙwari suka riga suka cinye cikinta, na shafa mata baƙin hayaƙi, na rataye a gurbin. Da hannun da nake jan carbi na aikata haka. Astagfirullah!

Na lallashi kaina cewa idan zatona ƙarya ne, babu wanda ya cutu. Sai ga shi safiyar da kuka tafi kai da autarmu Zakiyya, na ɗaga kai na ga giɓi a damin. Haba Malam! Ba kana tsaye a bakin ƙofa ba ranar da Inna, Allah Ya jiƙanta, ta riƙe wuyan hannuna ta sa na rantse da Allah cewa irin nan ba zai shiga hannun baƙo ba? Me ya hana ka buɗe baki ka roƙa? Tsoron in hana ka? Da na hana ka, wannan gaskiya ne. Amma da ka bar mini mutuncin hanawa, ni ma in bar maka mutuncin fushi, mu kwana ba ɓarawo a tsakaninmu.

Ka tuna shekarar aurenmu ta farko, ranar da ruwa ya biyo ka tun daga Funtua har Maska, ka shigo rigarka na ɗiga, haƙoranka na kaɗawa? Na zaunar da kai kusa da murhu, na dama maka kunun dawar nan. Ka sha, ka ɗaga kai ka ga damin a cikin hayaƙi, ka shiga yi mini bayanin yadda hayaƙi ke korar ƙwari, kamar ba a ƙarƙashinsa aka haife ni ba. Na yi dariya har na rufe fuska da mayafi. Ranar nan zuciyata ta buɗe maka kamar yadda auduga ke fashewa fara tas da kaka, kuma har yau ba ta rufe ba. Ina wannan mutumin da ba ya iya ɓoye mini ko abin da na riga shi sani?

Ga abin da ya fi cin raina. Shekara ashirin da ɗoriya kana cin tuwonta, kana yanke ta da hannunka. Ta Inna gajeren wuya gare ta, ƙwayarta na da ɗigon ja a gindi. Wadda na rataye ba ta da ko ɗaya. Da gaske ba ka gane ba? Idan ba ka gane ba, to me kake kallo duk shekarun nan, kuma ni ma haka kake kallona? Idan kuwa ka gane ka yi shiru, ka tafi da ita don ka ga iya inda ƙaryata za ta kai ni, to wallahi ka fi ni iya tarko, ya masoyina, kuma ban san wanne daga cikin biyun zan roƙi Allah ya zama gaskiya ba.

Su ma baƙin naka ban amince da su ba. Me ya sa sai irin tsofaffi suke cewa yara su kawo? Don su koya wa yara, ko don su tafi da shi su canza masa suna, ya dawo mana cikin buhu mai tambari, mu tsaya a layi kamar ba mu san shi ba? Wataƙila ina ɗaukar alhakinsu. Na san zato zunubi ne, kuma na tuhumi kaina bayan kowace sallah: rantsuwar Inna nake karewa, ko kuwa daɗin a ce akwai abu ɗaya a gidan nan da ni kaɗai ke da iko da shi? Ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Jiya Zakiyya ta kira ni. Makonnin baya muryarta kamar ta tsuntsun da ya ga hatsi, tana gaya mini ta leƙa ɗigon jini a madubin ƙara girma, ta sa farar riga, ita fa aikin binciken iri za ta yi. Jiya kuwa da ƙyar nake jin ta. Ta ce ta jera ƙwayoyin dawar da ka ba ta a jiƙaƙƙen ƙyalle kamar yadda aka koya musu, na kowa ya tsiro, nata ya yi funfuna. Ta sake, ya sake ruɓewa. "Umma, ko dai dawar Inna ta mutu, ko ni ce ba ni da kan wannan aikin. Ki ce wa Baba ya maido ni gida." Ranar Asabar kuma kowane ɗalibi zai tsaya gaban iyaye da baƙi ya nuna abin da ya samu.

Malam, kai na haƙa wa ramin, yarinyar ce ta faɗa. Ta zargi hannunta, ta zargi kakarta da ke kabari, ni kaɗai ce ba ta zarga ba. Na riƙe wayar ina cewa ta yi haƙuri, na ajiye ta ban faɗa mata gaskiyar ba.

Ummaru mai babur zai miƙa maka wannan takarda tare da ƙullin farin ƙyalle. Ka buɗe, irin Inna ne na gaske, ka duba gindin ƙwayar da kyau wannan karon. Ka ba Zakiyya ta jiƙa yau, kafin Asabar zai tsiro in sha Allah. Kada ka gaya mata komai, ni zan faɗa mata da bakina idan ta dawo, domin ni na ɗauki nauyin. Abu biyu nake roƙonka, ya taurarona na asuba. Idan baƙin za su tafi da ko ƙwaya ɗaya, a rubuta sunan Inna a jiki. Sannan idan ka dawo, ka zauna kusa da murhun nan ka kalli idona ka faɗa mini ko ka gane.

Duk amsar da ka ba ni, ni taka ce. Zuciyar da ta zarge ka ita ce ke ambaton sunanka a sujada, kuma ba za ta daina ba har a mayar da ni ƙasar Maska.

Game da rantsuwata ga Inna kuwa, ban cika ta ba. Na karya ta da safiyar nan, da sanina, da hannuna na ƙulla ƙullin. Na ɗora tukunyar kaffara, miskinai goma za su ci kafin la'asar.

Matarka,
Mairo