Murfin Madubin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke ɗan taɓa ta.

Ka dame ni da tambayar idon Baba, to ga labari. Ka san shekara da shekaru da na hagu kaɗai yake gani, har shi ma idon ya mutu. Likita ya ce na daman ne zai gyaru, aka cire masa yana. Ya fara gane fuskokinmu, amma ka san Baba da taurin kai. Ya ce shi bai warke ba sai ya ga baƙinsa, wato tsuntsayen nan da ke sauka bakin tafki duk kaka a hanyarsu ta wucewa.

Ran Asabar da safe muka kai shi, muka shimfiɗa tabarma kusa da ciyayin bakin ruwa. Kukan agwagi ya cika wurin. Inna ta ciro madubin hangen nesansa mai ido biyu, ta goge, ta miƙa masa kamar yadda ta saba. Ya kanga a ido, sai ya ce duhu kawai yake gani, idon ya sake tafiya. Yaya, gabana ya faɗi. Inna ta fara salati, hawaye na zuba.

Da na karɓi madubin, ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Ashe murfin ɓangaren hagu kaɗai Inna ta cire, don shi take cirewa tun muna yara. Na daman kuwa ya daɗe a rufe har ya manne, sai da na sa haƙori na ɓamɓare shi. Inna ta share hawaye tana cewa laifin Baba ne, shi ya hana a taɓa murfin kada ya ɓata.

Ya sake dubawa. Sai ga shi yana lissafo mana su, ga agwagin ruwa can tsakiya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga tsattsewa suna shawagi. Can wani garke ya tashi gaba ɗaya. Baba ya sauke madubin, ya bi su da ido har suka yi nisa. Ya miƙa wa Inna, ya ce ta riƙe, ita ce mai buƙata, shi haka ma yana ganinsu. Nan ne ni ma na yi nawa kukan.

Inna da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta